Tsakuwa a mafitsarar ɓeran Masar: tiyata ko jinya a gida?

Ɓeran Masar dabba ne mai ɓoye ciwo. A daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka, kuma wannan hali bai bar shi ba ko da a keji aka haife shi. Saboda haka ranar da ka gan shi ya koma lungu ya ƙudundune, yana ɗaga ƙugu da wani siririn kuka duk lokacin da zai yi fitsari ko kashi, ka sani ba ranar ciwon ya fara ba. Sau da yawa sai an ɗaga shi ake ganin ƙasansa a jiƙe, ga ɗigon jini a shimfiɗa. A nan mai shi ke rasa tudun dafawa: ya nemi likitan da zai buɗe ciki ya ciro abin da ke damun sa, ko ya karɓi magani ya koma gida ya ci gaba da lallaɓawa? Kowace hanya akwai ɓeran da za ta ceta, akwai kuma wanda za ta kashe.

Sai an san da me ake faɗa tukuna, domin abubuwa uku ne ke zuwa da kama ɗaya: ƙwayoyin cuta a mafitsara, tsakuwa, da lalacewar ƙoda. Ɗaya ma kan jawo ɗaya. Fitsarin lafiyayyen ɓeran Masar da ma ba garau yake ba. Fari-fari ne mai ɗan kauri, in ya bushe ya bar farin tabo, saboda rarar sinadarin kalsiyam da jikinsa ke zubarwa ta nan. Wani lokaci kuma yakan juye ruwan goro bayan ya sha iska, ba don jini ba sai don launin ganyen da ya ci. Murza busasshen tabon da yatsa: in gari ne mai laushi, da sauƙi, in ka ji yashi-yashi, abu ya fara taruwa. Don a tabbatar jini ne, a shimfiɗa masa farin ƙyalle na kwana ɗaya, ko a gwada da 'yar takardar gwajin fitsari irin ta asibiti. A mace a ƙara lura, jinin yana iya zama daga mahaifa, musamman in ta manyanta.

Abin da ke raba gardama hoton eksire ne, kuma a nan an yi sa'a. Tsakuwar ɓeran Masar kusan kullum ta kalsiyam kabonet ce, dangin alli da farar ƙasa, kuma irin wannan tana fitowa fes a hoto. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009 ya duba tsakuwoyin da aka ciro daga ɓeraye fiye da 100, ya sami sama da kashi 90 cikin 100 wannan sinadarin ne zalla. Amma inda sa'ar take, nan rashin sa'ar ma take: irin wannan tsakuwa ba ta narkewa. A kyanwa da kare akwai wata iri da ake narkarwa da abinci na musamman mai sa fitsari ya yi tsami, shi ya sa wasu ke zaton haka za a yi a nan. Fitsarin mai cin ciyawa ba ya tsami, kuma ba a iya tilasta masa ba tare da an cutar da dabbar ba. Duk wanda ya ce maka yana da jiƙo ko ƙwayar da za ta narkar da ita, kuɗinka yake so. Tsakuwar da ta riga ta haɗu, ko dai ta fita da kanta ta hanyar fitsari, ko a ciro ta da hannu, ko ta zauna tana girma.

Don haka tambayar gaskiya ita ce: ina tsakuwar take, nawa ne girmanta, kuma mace ce ko namiji? A roƙi mai ɗaukar hoton ya haɗa da ƙugu gaba ɗaya har ƙasa, domin wadda ta sauko hanyar fitsari takan ɓuya a bayan ƙashin cinya ko a gefen da hoton bai kai ba.

Jinya a gida

Wannan hanya ta fi dacewa da mace mai ƙaramar tsakuwa, wadda ba ta kai milimita 5 ba, tana iya fitsari, tana cin abincinta. Hanyar fitsarin mace gajera ce mai ɗan faɗi, ƙaramar tsakuwa na iya bi ta fita. Ta kuma dace da wanda hoto ya nuna ba tsakuwa, sai yashi ko ƙwayoyin cuta kawai, abin da ya fi yawa a matan da suka haura shekara 2 ko 3.

Amma kada a ɗauka jinya a gida na nufin a zuba ido. Aiki ne na kullum. Na farko ruwa. Ɓera mai nauyin kilo ɗaya yana buƙatar wajen mililita 100 a yini, mai tsakuwa kuwa ana son ya sha fiye da haka don fitsarin ya yi yawa ya tsinke. A ba shi ruwa a kwano da kuma a kwalba mai bututu, a ga wanne ya fi so. A jiƙa ganye kafin a ba shi. A ƙara masa da sirinji ta gefen baki, kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe. Likita na iya yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, har ya koya maka ka riƙa yi. Na biyu maganin ciwo, wanda mutane suka fi sakaci da shi. Ɓeran da ke jin zafi yakan riƙe fitsari, ya daina ci, hanjinsa ya tsaya, kuma tsayawar hanji ta fi tsakuwar saurin kisa. Meloksikam aka fi bayarwa, bisa awon nauyi, amma ba a ba wanda ruwa ya ƙare a jikinsa ko wanda ƙodarsa ta taɓu sai da lura sosai.

Na uku maganin ƙwayoyin cuta, kuma a nan nake son a tsaya a saurara, domin a garuruwanmu abin da ke kusa da hannu shi ne mafi haɗari. Yaro ya ga ɓeransa na fitsarin jini, ya ruga kemis, a ba shi Ampiclox ko amoksisilin, a buɗe kafso a zuba a ruwa. Hanjin ɓeran Masar cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani da yake narkar da ciyawa da su. Fenisilin da danginsa, da eritromaisin, da linkomaisin, da kilindamaisin suna kashe waɗannan su bar wa miyagu fili, sai gudawa da guba su biyo baya, cikin 'yan kwanaki ɓeran ya mutu. Mai shi ya ce ciwon ne ya yi ƙarfi, alhali maganin ne. Garin maganin kaji da ake kaɗawa a ruwa shi ma haka, domin wasunsu haɗe-haɗe ne da ke ɗauke da irin waɗannan. Allurar jentamaisin kuwa ƙoda take ci, a dabbar da ƙodarta ce ake tsoro. Waɗanda likitoci suka fi amincewa da su su ne kotirimokzazol, wato maganin da aka sani da Septrin, da enrofuloksasin. Ko su ma likita ne zai auna, domin abin da dabbar da ba ta wuce kilo ɗaya ba ke buƙata ɗan mitsitsi ne, ba a ƙiyasta shi da ido. Wasu likitocin kan ƙara da fotasiyam sitiret don rage haɗuwar sabuwar tsakuwa. Ba laifi, amma tsohuwar tana nan daram.

Ribar wannan hanya a fili take: kuɗi kaɗan, babu allurar barci, babu yanka. Aibinta kuma babba ne. Muddin tsakuwa na cikin mafitsara tana gogar bangonta, ƙwayoyin cuta suna samun maɓoya a jikinta, sai ka ga an gama magani da mako biyu jini ya dawo. Sannan kowace rana tana iya gangarowa ta toshe hanya. Ɓeran da ya yi rabin yini yana yunƙuri babu ko ɗigo, marar ta kumbura ta yi tauri, ya fita daga sahun masu jinya a gida. Fitsarin da bai fita ba baya yake komawa ya danne ƙoda, kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya isa. Kada a matsa masa mara da hannu da nufin taimako, mafitsarar na iya fashewa. Wanda ya zaɓi jinya ya sa wa kansa wa'adi, mako biyu ko makamancin haka, a sake hoto. In tana nan inda take ko ta ƙara girma, an gama gwaji.

Tiyata

Aikin kansa ba doguwar tiyata ba ce. A sa shi barci, a tsaga ƙasan ciki, a buɗe mafitsara, a ciro tsakuwar, a wanke, a ɗinke. Ita ce kaɗai hanyar da ke raba shi da babbar tsakuwa, kuma ɓeran da aikin ya yi wa kyau yakan koma tsalle-tsallensa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

A namiji kusan ba wani zaɓi sai ita. Hanyar fitsarinsa doguwa ce, siririya, mai lanƙwasa, tsakuwar da mace za ta fitar ba tare da an sani ba shi sai ta maƙale masa. In ta maƙale, likita kan zura siririn bututu ya tura ta da ruwa ta koma mafitsara, sannan ya buɗe ya ɗauko. A mace kuwa akwai hanya ta tsakiya da ya kamata a tambaya kafin a yarda da buɗe ciki. Sau da yawa tsakuwarta takan sauko ta tsaya daf da bakin fita, har ana jin ta da yatsa, wani ɗan ƙullutu mai tauri. Irin wannan ana iya ciro ta da ɗan hantsaki bayan an ba ta maganin kwantar da jiki da na kashe zafin wurin, wani lokaci da 'yar ƙaramar tsaga.

Haɗarin tiyata yana wurare biyu. Na farko barcin. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya, aka wallafa a 2008, ya nuna kusan kashi 3.8 cikin 100 na ɓerayen Masar da aka sa barci sun mutu cikin awa 48, wato wajen 1 cikin 26, alhali a karnuka kashi 0.17 ne. Wannan a ƙasar da kayan aiki suka wadata kenan. A wurinmu yawancin likitocin dabbobi hannunsu ya fi faɗawa kan shanu, awaki, kaji da karnuka, kuma ba aibi ba ne, abin da ake kawo musu kenan. Don haka ka yi tambaya ba kunya: ya taɓa yi wa zomo ko ɓeran Masar aiki? Da iskar barci ta aisofuloren zai yi ko da allura kaɗai? Iskar ta fi sauƙin sarrafawa a ƙaramar dabba. Da me zai ɗumama shi lokacin aiki, tunda ƙaramin jiki saurin sanyi yake yi? In ya ce a hana shi abinci tun daren jiya kamar kare, ka nemi wani. Ɓeran Masar ba ya amai, awa ɗaya ko biyu ta isa, dogon azumi kuwa hanjinsa yake tsayarwa. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, su ne wuraren da ya fi kyau a fara tambaya.

Haɗari na biyu yana gida, a kwana ukun farko. Da yawa suna tashi daga barcin lafiya, su mutu daga baya saboda sun ƙi ci. Dole ka shirya ciyar da shi da sirinji duk bayan awa 3 zuwa 4, har da dare. Inda ake samun garin Critical Care na kamfanin Oxbow shi ake damawa. Inda babu, a jiƙa ƙwayoyin abincinsa su yi laushi, a haɗa da niƙaƙƙiyar ɗanyar ciyawa, a yanke bakin sirinjin mililita 1 don ya wuce. Wanda ba ya ci ko kaɗan yana buƙatar wajen mililita 60 ko fiye a yini. Ka riƙa duba kashinsa, in ya ƙanƙance ko ya ɗauke, koma wurin likita a ranar. Wanda sana'arsa ba za ta bar shi ya yi wannan ba, kuma ba shi da mai taya shi, ya sa wannan a lissafi tun kafin ya biya kuɗin aiki.

Sai maganar da ba a son ji: tsakuwar tana dawowa. A wasu bayan shekara, a wasu cikin 'yan makonni, a wasu ba ta sake dawowa. Kuma kuɗin hoto da aiki da magani zai ninka kuɗin da aka sayi ɓeran a kasuwa sau da yawa. A gidan da na yara ne, suna kiransa da suna, wannan lissafin daban yake da na mai kiwo da yawa don sayarwa, kuma ban ga laifin kowannensu ba. A ganina tiyatar farko ta cancanta ga ɓeran da bai tsufa ba, mai ƙiba, mai tsakuwa a mafitsara kaɗai. Ta biyu a duba tazarar da aka samu. In wata biyu kacal aka yi ta dawo, ta uku wahalar da dabba ce.

Idan abin ya kai ƙoda

Duk abin da aka faɗa a sama ya sauya in hoto ya nuna tsakuwar tana sama, cikin ƙoda ko cikin siririn bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Wannan bututun a ɓeran Masar bai fi zare kauri ba, aiki a kansa yana da wuya ko a hannun ƙwararru. In ya toshe, ƙodar ɓangaren takan kumbura da ruwa ta daina aiki. Ana iya cire ta in ɗayar lafiya lau take, amma sai an tabbatar da sikanin da gwajin jini, kuma babban aiki ne. A mafi yawan lokuta jinya ce ta rage.

Haka kuma tsohon ɓera, daga shekara 3 zuwa sama, ƙodarsa kan lalace a hankali ko babu tsakuwa. Alamar ita ce yawan shan ruwa, yawan fitsari mai tsinkewa, da rama duk da yana ci. Wuƙa ba ta da abin yi a nan, kuma ɗaukar irin wannan a sa shi barci don ciro tsakuwar mafitsara na iya ƙarasa ƙodar. Shi ya sa ake son gwajin jini kafin aiki in ɓeran ya manyanta. Abin da ya rage shi ne ruwa, abinci, maganin ciwo wanda ba ya taɓa ƙoda, da tsabta. A riƙa sauya shimfiɗa kullum, a wanke masa ƙasansa da ruwan ɗumi a tsane, a shafa ɗan basilin inda fitsari ya ci fata, domin a zafinmu ƙuda na iya yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, tsutsa ta fito cikin yini guda. Wasu kan yi watanni a haka cikin walwala. Ranar da ya daina karɓar abincin sirinji, yana cizon haƙora don zafi, ba ya iya tashi daga fitsarinsa, allurar da likita zai yi masa ya mutu ba wahala ta fi barin sa.

Abin da ke cikin akurki

Ko tiyata ko jinya, in abinci bai sauya ba an gudu ne ba a tsira ba. Shawarar da ake karantawa daga Turai ita ce a daina ba shi ciyawar alfalfa a koma timoti, mu kuwa ba su muke da su ba. Tamu alfalfar ita ce harawa, ta wake da ta gyada. Dangi ɗaya ne, kuma kalsiyam ɗinsu kan ninka na ciyawa zalla. Harawa tana sa ƙiba, shi ya sa masu kiwo ke son ta, amma ga mai tsakuwa a ajiye ta. A koma ƙyasuwa, harkiya, kiri-kiri da ɗanyar gamba, ɗanye da damina, ingirici da rani, daga inda ba a yi feshi ba, kuma ya kasance a gabansa dare da rana.

Mafi muni abincin kaji masu ƙwai, wanda wasu ke ɗiba su zuba wa zomaye da ɓeraye don yana nan a gida. An haɗa shi ne don kaza ta yi ɓawon ƙwai, kalsiyam ɗinsa kan kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100, ɓeran Masar kuwa bai buƙatar ko kashi 1. Kanwa da gishirin lasa da ake ba awaki su ma ba nasa ba ne. A ganye, alayyahu da zogale suna da kalsiyam mai yawa, alayyahu da yakuwa kuma suna da sinadarin okzalet, wanda shi ma kan haɗa tsakuwa, a rage su sosai. Kokwamba, latas, tumatir da koren tattasai marar yaji sun fi dacewa. Tattasan yana da wani amfanin: ɓeran Masar, kamar mutum, jikinsa ba ya haɗa bitamin C, sai ya ci, wajen miligiram 10 zuwa 30 a yini ga kowane kilo. Yankin tattasai ko ɗan gwaiba ya biya wannan. Ba sai an ɗura masa manyan ƙwayoyin bitamin na mutane ba. Kada kuma a wuce gona da iri a hana shi kalsiyam gaba ɗaya: haƙoransa tsiro suke yi har ya mutu, masu ciki da ƙanana kuma suna buƙatar fiye da manya, su ba a hana su harawa. Akwai ma ɓerayen da ake ciyarwa daidai su yi tsakuwa duk da haka, domin gado da rashin motsi suna da nasu hannun. Keji mai faɗi inda zai yi gudu yana taimaka wa mafitsara ta zubar da yashinta.

Ruwan ma a duba shi. In butar da kuke dafa ruwan rijiyarku ko na burtsatse tana yin farin dafi a gindi, kusan abin da ke taruwa a mafitsararsa kenan, sai a ba shi ruwan leda ko tsabtataccen ruwan sama. Sannan zafi. Asalin dabbar nan tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajajen Peru da Bolibiya, ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, daga 30 ta fara galabaita. A watan Afrilu a Kano ko Maraɗi ana haura 40. Ɓeran da ke kwance yana haki ba ya tashi shan ruwa, fitsarinsa ya yi kauri. A sa kejin a ɗakin ƙasa ko inuwa mai iska, ba ƙarƙashin kwano ba, a ajiye masa tulu mai ruwa ko jiƙaƙƙen buhu da zai jingina da shi, a sauya ruwan sha safe da yamma.

A sami ƙaramin sikelin kicin a riƙa auna shi rana ɗaya a kowane mako, a rubuta. Namiji babba kan kai giram 900 zuwa 1200, mace 700 zuwa 900. Raguwar giram 50 zuwa sama tana nuna matsala tun kafin jini ya bayyana. Wanda aka taɓa ciro wa tsakuwa kuwa, a sake masa hoto bayan wata ɗaya zuwa uku ko da yana cin abincinsa yana wasa, domin a wannan lokacin sabuwar tana ƙarama, kuma a mace ƙarin ruwa da maganin ciwo na iya fitar da ita ba sai an sake yanka ba.